Mai son dasa lalle a tsakar gida

Assalamu alaikum 'yan uwa. Mai son furen da ba ya ba da wahala, ya dasa lalle. Sau ɗaya za ki dasa, ki yi shekaru kina tsinkar ganye, ga ƙamshin furensa da yamma har zaure.

Ki bari sai damina ta kankama, wajen watan Yuli. Ki yanko reshe mai kaurin yatsa, tsawonsa kamar taƙi ɗaya, ki soke rabinsa a ƙasa inda rana ke bugawa sosai. Takin awaki ya isa, amma wanda ya ruɓe. Ni ɗanye na zuba a karon farko, wai ina sauri, ya ƙone mini reshen ƙurmus.

Kada ki dasa a bakin rariya, ruwan sabulu ba ya yi masa daɗi. Ki kewaye shi da ƙaya saboda awaki, ki barbaɗa toka a gindinsa don gara. In hunturu ya kaɗe ganyen kada ki tsorata, bai mutu ba. Ki rage masa rassa, ki riƙa ba shi ruwa bayan kwana uku-uku, zai sake tohowa.