Makaroni da miyar cuku na daren sanyi

In hunturu ya kankama a Jos, musamman Disamba da Janairu, bayan magariba ba wanda ke son daɗewa a kicin, to wannan girkin minti 20 ya ishe shi.

Ki fara ɗora makaroni da gishiri, amma kar ki bari ya yi luguf don zai ƙara dahuwa cikin miyar. A wata tukunyar ki narka bota cokali 2 a wuta kaɗan, ki zuba fulawa cokali 2 ki yi ta juyawa kamar minti 2 har warin ɗanyen fulawar ya tafi. Sai madara kofi 2, mai ɗumi, ta gari ma in kin dama ta yi. Nan ne aikin yake fa, kaɗan-kaɗan za ki riƙa zubawa hannunki na juyawa, in kika juye gaba ɗaya gudaji zai cika miki tukunya kuma gyaransa sai da rariya. Da ta yi kauri kamar kunu ki sauke.

Bayan kin sauke ne za ki zuba cuku, cheddar gurzajje kofi 1 da rabi, don in ya tafasa a kan wuta tsinkewa yake yi mai ya taso sama. Wara na Fulani kuwa ba ya narkewa, kar ma ki gwada. Ki ɗanɗana kafin ki ƙara gishiri, cheddar na da nasa. Ni dai sai na sa masoro da ɗan attaruhu, in ba haka ba salam nake jin ta.

Ki juye makaronin cikin miyar a ci da zafi, tana hucewa take daskarewa. In babu makaroni, dafaffen dankalin turawa na kasuwar Farin Gada ta Jos ma ya wadatar.