Masu kare, ga hanyar yawo kusa da Bakewell

Salam jama'a. Waɗanda ke wajen Sheffield ko Manchester kuna neman inda za ku fita da kare ya sha iska, ku gwada Monsal Trail, daga bakin garin Bakewell ake hawa. Tsohuwar hanyar jirgin ƙasa ce, mil 8 da rabi, a shimfiɗe take babu wani hawa, har da ramukan da jirgi ke bi ta cikin dutse, a 2011 aka buɗe su kuma ana kunna fitilu da rana. Amma fa masu keke sun yi yawa, balle Asabar da Lahadi, don haka igiyar karen ta zama gajera.

In kun gangara kwarin Monsal Dale ko kun ratsa gonaki, tumaki ne ko'ina. A filayen da aka buɗe wa jama'a doka ce, daga 1 ga Maris zuwa 31 ga Yuli igiya kar ta wuce mita 2, lokacin tsuntsaye na ƙwai a ƙasa. In shanu suka taso muku kuwa ku saki karen kawai, ya fi ku saurin gudu wallahi.

Ledar kwashe kashi kar a manta. Litinin kasuwar Bakewell ke ci, wajen fakin wahala, sai ku yi sammako.