Kurakuran da ɗalibai ke tafkawa da littattafan alƙaluman ilimi

Duk lokacin da rubutun kundin kammala digiri ya ƙarato, ɗalibai kan cika laburare suna neman "littafin nan mai adadin makarantu". A miƙa musu littafin shekara-shekara ko tsohon rahoton Ma'aikatar Ilimi, su buɗe jadawali, su kwafe lamba, su ƙara gaba. Bayan wata biyu a dawo musu da aikin, jan biro ya cinye kowane shafi. Na gaji da faɗa wa mutum ɗaya-ɗaya, shi ya sa na rubuta.

Rami mafi zurfi shi ne iyakar jiha, kuma ni ma na taɓa afkawa cikinsa. Ina digiri na biyu, ina bin adadin yaran firamare a Jihar Kano tun daga 1976, shekarar da aka ƙaddamar da shirin UPE na ilimin firamare kyauta ga kowa. Alƙaluma na tafiya lafiya lau, ina isa 1992 sai suka zube warwas. Na zauna na rubuta babi sukutum, na ɗora laifin kan tsadar rayuwar zamanin SAP, shirin gwamnati na tsuke bakin aljihu, wai iyaye ne suka janye 'ya'yansu. Malamin da ke duba aikina ya karanta har ƙarshe, ya cire tabarau, ya ce: "Malam, yaran Haɗeja da Gumel da Kazaure da Dutse, ina ka kai su?" Jikina ya yi sanyi. An cire Jigawa daga Kano ranar 27 ga Agusta, 1991. Yaran suna nan a azuzuwansu, shafinsu ne kawai ya koma ƙarƙashin wani suna. Aikin wata huɗu ya bi ruwa, kuma har yau abin na ci mini rai, don na san da zaman Jigawa sarai, jadawalin ne ya rufe mini ido.

Tun daga nan nake manna 'yar takarda a cikin bangon littafin rubutuna, mai ɗauke da shekarun da aka ƙirƙiri jihohi: 1967, 1976, 1987, 1991, 1996. Katsina ta fita daga Kaduna a 1987, Kebbi daga Sakkwato a 1991, Zamfara kuma a 1996. Lardunan zamanin Turawa ma haka suke, domin sai 1934 Katsina ta zama lardi mai zaman kansa. Ba na kwatanta lamba biyu sai na tabbatar yanki ɗaya suka auna.

Sai shekarar da ke bango. Littafin da aka rubuta wa 1985, mai yiwuwa a 1984 aka haɗa shi, alƙaluman ciki kuwa sau da yawa sun girmi hakan. Amsar tana cikin ƙananan rubutun da ke ƙarƙashin jadawali, wanda ba wanda ke son karantawa. Haka kuma tsakanin ƙidayar jama'a ta 1963 da ta 1991 babu wata karɓaɓɓiya, tunda an soke ta 1973. Saboda haka duk inda ka ga "kashi kaza na yara suna makaranta" a waɗancan shekaru, an gina shi ne kan kiyasi. Ka rubuta shi a matsayin kiyasi.

Wanda ya fi tayar mini da hankali kuwa shi ne in ga ɗan Hausa ya rubuta cewa makarantar farko a Kano ita ce wadda Ɗan Hausa, wato Hanns Vischer, ya buɗe a Nassarawa a 1909. Haba ɗalibai! Kai da ka wanke allo da hannunka, ka sha bulalar gardi, yau kai ne za ka ce babu makaranta sai da Bature ya zo? Jadawalin rahoton Turawa elemantare da midil da makarantun mishan yake ƙirgawa. Tsangaya da makarantun zaure, in ma an ambace su, a gefe ne da lambar da aka cinta. Tsarin 'Yan Taru na Nana Asma'u ya karantar da mata tun ƙarni na 19, ba za ka same shi a jadawalin Razdan, Baturen da ke mulkin lardi, ba. Ka ce "makarantar boko", kalma ɗaya ce, ta raba gardama. Sannan ka tashi ka je wurin dattawan unguwa da littafin rubutunka, abin da rahoton ya tsallake yana bakinsu.

Sauran ƙanana ne. Kuɗin kafin 1973 fam ne, kuma fam ɗaya naira biyu aka canza shi, kada ka tara su wuri guda. Kwalejin Katsina da ta Kaduna da Barewa makaranta ɗaya ce: ta koma Kaduna a 1938, Zariya a 1949. A fihirisa nemi Sokoto da Hadejia, ba za ka ga Sakkwato ba.

Idan za ka ɗauki hoton jadawali da waya, a Gidan Arewa ne ko a Taskar Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna, fara da shafin da ke ɗauke da sunan littafin da shekarar bugu, sannan lambar fayil. Ni har lambar shafi nake rubutawa a guntuwar takarda in ajiye a gefe ta fito a hoton, domin ranar kare kundi tambayar farko ita ce: "Daga ina ka samo wannan?"