Yadda Ake Duba Waɗanda Suka Shiga Kwamfutarka ta Linux

Duk wanda ya shiga kwamfutar Linux da sunansa sai ya bar sawu. Tsarin yana rubuta wanda ya shigo, daga ina, da ƙarfe nawa, da lokacin da ya fita, a fayil ɗin /var/log/wtmp. In kana kula da sabar (server, wato kwamfutar da ke yi wa wasu hidima) da ke kan intanet, ya kamata duba wannan ya zame maka jiki.

Kada ka buɗe fayil ɗin da `cat`, tarkacen alamomi kawai zai zubo maka. Buɗe Terminal, wato tagar da ake rubuta umarni, ka rubuta `last`.

Na baya-bayan nan ne ke sama. A kowane layi za ka ga sunan mai shiga, sai ƙofar da ya bi: tty1 na nufin a gaban kwamfutar yake zaune, pts/0 kuwa galibi ta SSH ne (hanyar shiga kwamfuta daga nesa) ko tagar Terminal. Sai adireshin da ya fito, sai lokaci. In ka ga "still logged in", yana ciki har yanzu. "crash" na nufin kwamfutar ta mutu ba a kashe ta yadda ya dace ba, kamar a ɗauke wuta ana tsakiyar aiki.

In layukan sun yi yawa, `last -n 20` zai kawo ashirin na ƙarshe. `last -i` yana nuna lambar IP (adireshin na'ura a intanet), `last -F` cikakkiyar rana har da shekara. `last root` na root ne kaɗai, wato asusun mai cikakken iko, `last reboot` kuma lokutan da aka kunna kwamfutar.

Daga nan sai `sudo lastb`, wanda ke karanta /var/log/btmp, inda ake tara waɗanda suka gwada shiga suka kasa. Kada gabanka ya faɗi don ka ga dogon jerin root da admin daga adireshin da ba ka sani ba. Manhajoji ne ke yawo suna cinkar kalmar sirri dare da rana. Abin da ya kamata ya tayar maka da hankali shi ne adireshi ɗaya ya yi ta kasawa a `lastb`, sannan ka gan shi a `last`. To wannan ya samu shiga.

Layin ƙasa mai "wtmp begins" yana faɗa maka ranar da rajistar ta fara. Tsohuwar, in tana nan, `last -f /var/log/wtmp.1` ne zai buɗe ta. A Debian 13, wani nau'in Linux, an cire `last` da `lastb` saboda tsarin lokacin fayilolinsu ba zai wuce shekarar 2038 ba, don haka sai ka saka manhajar wtmpdb ka rubuta `wtmpdb last`.

Amma fa kada ka saki jiki da wtmp kaɗai, domin wanda ya samu ikon root yana iya goge sawunsa. Ka kwatanta abin da ka gani da /var/log/auth.log in Linux ɗinka Ubuntu ne, ko /var/log/secure in na dangin Red Hat ne. In ka ga baƙon shiga, canza kalmar sirri nan take, ka leƙa ~/.ssh/authorized_keys ko an cusa mabuɗin shiga ta SSH da ba naka ba.