Yadda ake shirin tseren taswira a cikin duwatsu

Tseren taswira wasa ne da ake ba mutum taswira da kamfas, wato na'urar nuna arewa, ya nemo tutocin da aka kakkafa a daji bisa jerin lambobinsu, wanda ya riga kammalawa shi ne gwani. A Suwidin da Nowe ya samo asali ƙarshen ƙarni na 19, daga horon sojoji, aka kafa ƙungiyarsa ta duniya a 1961. Mu nan arewacin Kamaru ba mu rasa wurin yin sa ba, ga tsaunin Tingilin kusa da Garwa, ga tuddan gefen Marwa, ga duwatsun Mandara wajen Mokolo da Rumsiki. Sai dai a dutse ƙarfin ƙafa ba ya isa. Wanda ya iya karanta ƙasa yakan riga mai gudu isowa.

Fara da taswirar. Duba ma'auninta tukuna: in 1:10,000 ce, santimita ɗaya mita 100 ke nan a ƙasa, in kuwa 1:50,000 ce, mita 500. A taswirar tsere shuɗi ruwa ne, baƙi duwatsu da hanyoyi da gine-gine, rawaya fili, kore kurmi mai wuyar ratsawa. Alamar kusurwa uku ce mafari, kowane da'ira kuma tuta ce, mai launin fari da ruwan lemo.

Layukan nan masu launin ƙasa su za ka fi ba lokacinka. Kowane layi yana bin wuraren da tsayinsu ɗaya, kuma galibi tsakanin layi da layi hawan mita 5 ne. Ka ga ke nan in hanyarka ta tsallake layi goma, hawan mita 50 na jiran ka. Inda suka matsu da juna, gangaren da tsini, inda suka ware, ƙasa ta kwanta. In sun lanƙwasa sun shige cikin dutsen, kwari ne ko mayo, wato rafi, in sun turo waje, hancin dutse ne. Wannan ba ya zama a kai daga karatu cikin ɗaki. Hau tudun da ka sani da taswirarsa a hannu, ka zauna, ka nuna kowane kwazazzabo da idonka ya gani a kan takarda, har ka kai matsayin da za ka kalli layuka ka ga dutse.

Sai kamfas. Riƙe shi a kwance, ka juya taswirar har arewarta ta dace da inda jan bakin allurar ya nuna. Duk lokacin da ka sauya fuska, jikinka ne zai zagaya, taswira ta ci gaba da fuskantar arewa. Ɗora babban yatsa a kan taswirar a inda kake, kana tafiya kana matsar da shi. Kada waya ko wuƙa ko makulli su matso kusa, ƙarfe na karkatar da allura.

Don sanin nisan da ka yi, auna mita 100 a fili, ka ƙirga takunka, duk saukar ƙafar dama ɗaya. Maimaita a hawa da gangara, za ka tarar lissafin ya sauya, ka riƙe duka ukun.

Zaɓin hanya, a ganina, nan ake ci nan ake faɗuwa. Sabon shiga yana ganin tuta a bayan tsauni sai ya miƙe. Masu yawon duwatsu suna lissafa awa guda ga kilomita 5 a shimfiɗe, su ƙara awa guda ga kowane hawan mita 600. Wato hawan mita 100 yana cin kusan lokacin tafiyar mita 800, don haka sau da yawa zagaye ya fi. Nemi abin da za ka bi wanda ba ya ɓacewa, kamar turbar makiyaya, busasshen mayo, ko gefen gona. Kada ka nufi tutar kai tsaye daga nesa. Zaɓi wani abu babba kusa da ita, mahaɗar hanyoyi ko ƙaton dutse, in ka isa can sai ka rage sauri ka shiga da kamfas. Idan kuma tutar a bakin mayo take, karkata dama da gangan, domin in ka fito bakin mayon ka san hagu za ka yi. A Mandara a kiyaye katangun dutsen da manoma suka jera a jikin gangare, a bi ta turba, gumin mutane ne.

Jiki ma yana son makonni na shiri. Riƙa hawan tudu sau biyu ko uku a mako, ka kuma koyi gangara, don a nan aka fi samun targaɗe. Takalmi rufaffe mai kama dutse, wanda ƙafa ta saba da shi, da dogon wando saboda ƙaya da ƙarangiya. Kada ka cusa hannu ƙarƙashin dutse, kububuwa na kwanciya a irin wurin. Ɗauki ruwa lita biyu aƙalla, da dabino, da hula, da usur.

A Maris da Afrilu zafi kan haura digiri 40, sai a fita da an idar da sallar asuba a dawo kafin rana ta take. Lokacin hunturu ya fi daɗi, amma hazo na ɓoye tsaunukan nesa, dole a jingina da kamfas. Da damina mayo na iya cika cikin ɗan lokaci ko da ba a yi ruwa a inda kake ba.

Kafin ranar, a je a gaida lawan ko jauron ƙauyen a nemi izini, a kuma sanar da jandarma. Yankunan kan iyaka a Mayo-Sava da Mayo-Tsanaga sun sha fama da hare-haren Boko Haram, kada a tsara tsere a can sai hukuma ta tabbatar da lafiyar wurin. Sababbi su fita biyu-biyu, a yanka lokacin da kowa zai dawo ko bai gama ba. In ka ɓace, tsaya, ka daidaita taswira, ka koma wuri na ƙarshe da ka tabbatar da shi. In ka ji rauni ka kasa motsi, zauna a inuwa ka yi ta busa usur har a zo.