Yadda Ake Jera Finafinan da Aka Fi So a Majalisa Ba Tare da an Ɓata ba

A majalisarmu ta bakin mai shayi a unguwar Jahun, nan cikin Bauchi, babu gardamar da ta kai ta fim tsawon rai. Ta ƙwallo takan mutu da an tashi wasa. Ta siyasa kuwa mun hana ta tun wani zaɓe da ya kusa raba zumunci. Amma da wani ya ce, "Wai wane fim ne ya fi kowane?" to shayi zai huce a kofi, mai shayi ya kashe risho ya rufe teburinsa, ya bar mu muna ta ɗaga murya. Mun shekara da shekaru a haka ba mu taɓa tashi da amsa ɗaya ba, sai da muka zauna muka yi wa abin tsari. Ga yadda muka bi, har da wuraren da muka yi tuntuɓe.

Da farko, ku daidaita a kan tambayar

Tun ran gini ran zane. Kafin bakin kowa ya furta sunan fim ko ɗaya, ku yanke abin da kuke nema: fim ɗin da aka fi so, ko fim ɗin da ya fi kyau? Ba abu ɗaya ba ne, kuma rabin faɗan da ake yi daga nan yake tasowa. Ni idan aka ce wanda na fi so, Sangaya na 1999 ba zai fita daga goman farkona ba, don a falon yayata na kalle shi, mu goma sha a kan tabarma ɗaya, kaset ɗin na haya ne kuma dole a mayar da shi washegari. Amma idan aka ce wanda ya fi kyau, sai an duba hoto da sauti da tsarin labari da ƙwarewar 'yan wasa, kuma a nan finafinai da yawa na baya-bayan nan sun sha gabansa, ko ina so ko ba na so.

Shawarata ku zaɓi "wanda aka fi so". Ba kowa ne ya san aikin kyamara ba, amma kowa ya san abin da ya taɓa masa zuciya, kuma ba mai iya ƙaryata shi a kai.

Sai ku shata iyaka

Nan ne za ku daɗe, gara ku daɗe ɗin. Mutumin Arewa ba da abinci ɗaya ya tashi ba a harkar kallo: akwai na Hausa, na Indiya, na Chana, na Amurka, ga na tarihin Musulunci irin su Ar-Risala na Moustapha Akkad da ya fito a 1976, wanda da wuya ka sami gidan da ba a taɓa kallonsa ba. Za ku zuba su a kwando ɗaya ne, ko kowane da jerinsa? Mun gwada duka biyun. Kwando ɗaya ya fi daɗin gardama, amma na Indiya sukan danne sauran. Idan karo na farko ne, ku yi jeri biyu kawai: na Hausa daban, na waje daban.

Akwai ƙananan tambayoyi da in ba a amsa su yanzu ba, za su dawo ranar ƙirga su ɓata komai. Masu dogon zango irin su Labarina da Daɗin Kowa suna ciki? Mu mun ce a'a, don ba adalci ba ne a auna abin da aka shekara ana bi mako-mako da fim na awa biyu. Fim mai kashi na ɗaya da na biyu, kamar yadda akasarin finafinan Hausa na zamanin kaset suke, ɗaya ne ko biyu? Mun ce ɗaya. Baahubali ma, da na 2015 da na 2017, mun haɗe su. Fim ɗin Indiya da aka yi wa fassarar Hausa fa? Shi ne dai fim ɗin, ko da mai fassarar ya zuba masa barkwancin da babu shi a asali. Wani ƙaninmu ya so ya ja a kan wannan, wai shi muryar mai fassarar yake so ba fim ɗin ba. Muka ce ya je ya buɗe nasa zaɓen na masu fassara.

Sannan daga yaushe ake fara lissafi? Yawanci idan ana tarihin finafinan Hausa na bidiyo, daga Turmin Danya ake farawa, wanda ƙungiyar Tumbin Giwa ta yi a Kano a 1990. Amma a Bauchi ba za ka faɗi haka ka tashi lafiya ba, sai wani dattijo ya tuna maka da Shehu Umar na 1976, wanda Adamu Halilu ya shirya daga littafin Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa, mutumin da kabarinsa ke nan cikin gari. Mun buɗe ƙofa: duk fim ɗin da aka yi da Hausa, ko na majigi ne ko na kaset ko na YouTube, yana ciki. Sharaɗi ɗaya ne, sai wanda ka kalla da idonka daga farko har ƙarshe. Labarin da aka ba ka ba ya shiga.

Su wa za su yi zaɓen

Kada su gaza mutum goma, in ba haka ba ra'ayin mutum ɗaya zai juya sakamakon. Kuma ku gauraya shekaru. Na lura kusan kowa finafinan da ya kalla yana saurayi yake ɗauka a matsayin waɗanda ba a taɓa yin irinsu ba. Wanda ya yi zamanin silima zai kawo maka Bruce Lee da Amitabh Bachchan, ɗan zamanin gidan kallo ya kawo Shah Rukh Khan da marigayi Ahmad S. Nuhu, ɗan yau kuma ya kawo abin da aka tura masa a waya makon jiya. Ku kai takarda cikin gida ma. Mata sun fi mu kallon finafinan Hausa nesa ba kusa ba, kuma jerin da babu ƙuri'arsu rabin jeri ne.

Kowa ya rubuta nasa a ɓoye

Wannan shi ne ginshiƙin abin duka, kuma da kunya muka koye shi. Karon farko da baki muka yi, ana zagayawa ɗaya bayan ɗaya. Saboda girmamawa aka ce Kawu ya fara, wani tsohon direban babbar mota da ya girme mu duka. Ya gyara zama, ya kurɓi shayi, ya ce, "Ai duk wanda bai sa Sholay a farko ba, bai san fim ba." Sholay wani tsohon fim ɗin Indiya ne. Shi ke nan. Na kusa da shi ya ce, "Gaskiya ne, Kawu." Na gaba ya ce, "Haka yake, Kawu." Har aka zo kan wani yaro ɗalibin jami'ar ATBU da na tabbata bai taɓa ganin fim ɗin ba, shi ma ya sunkuyar da kai ya ce, "Ni ma shi na zaɓa, Baba." Muka tashi da ƙuri'a goma sha uku, duk na mutum ɗaya.

Don haka a raba takarda, kowa ya tafi da ita gida, a ba shi kwana uku. Ya rubuta fim goma, daga na ɗaya zuwa na goma, ya naɗe ya kawo ba tare da ya sa suna ba. Idan ta WhatsApp za a yi, kada a tura a zauren, a tura wa mutum ɗaya da aka amince da shi.

Goma ɗin ba mu muka ƙirƙiro ta ba. Mujallar Sight and Sound ta Ingila tun 1952 take irin wannan zaɓe duk bayan shekara goma, kuma fim goma take neman kowane masani ya kawo. Citizen Kane ya riƙe kambu tun daga 1962 har 2002, Vertigo ya ture shi a 2012, sannan a 2022, da aka faɗaɗa masu zaɓe suka haura 1,600, sai wani fim na wata darakta 'yar Beljiyam, Chantal Akerman, ya hau sama. Finafinan ba su canza ba, masu jefa ƙuri'ar ne suka canza. Shi ya sa ban cika damuwa ba idan yaro ya zaro waya ya nuna mini jerin IMDb, shafin intanet da masu kallo ke ba finafinai maki, yana cewa ga abin da duniya ta yarda da shi. Nawa ne daga cikin masu ba da makin can suka san Ibro?

Ƙirga

Ku naɗa mutum biyu, ɗaya ya karanta ɗaya ya rubuta, a gaban kowa. Fim na ɗaya a takarda maki 10, na biyu 9, haka har na goma ya sami 1. Ku ja layi biyu a gaban kowane fim: ɗaya na jimillar maki, ɗaya na yawan mutanen da suka ambace shi.

Ga dalilin layi na biyun. A ce mutum biyu sun sa wani fim a farko, sauran ba wanda ya tuna da shi: maki 20 ke nan. Wani fim kuma mutum takwas sun sa shi a na takwas, kowa ya ba shi 3: maki 24. Na biyun ya ci, alhali ba wanda ya mutu a kansa. Wasu za su ce ba daidai ba ne. Ni ina ganin daidai ne, tunda jerin majalisa ake yi ba na mutum biyu ba. Masu mujallar can ma ba sa ba da maki kwata-kwata, ambato kawai suke ƙirgawa, kowane fim ƙuri'a ɗaya. Mu mun tsaya a tsakiya: maki ne ke yanke hukunci, amma fim ba ya shiga goman ƙarshe sai aƙalla mutum uku sun ambace shi. Wannan ya toshe ƙofar abokai biyu su haɗa baki su ɗaga gwaninsu.

Ku kula da suna. Mutanenmu ba su cika riƙe sunan fim ɗin Indiya ko na Chana ba, da jarumi ko bos ko wani abin da ya faru a ciki suke gane shi. A zaɓenmu na biyu takarda ɗaya ta ce Sholay, wata ta ce "na Gabbar", wata kuma ta ce "wanda Sarkin Ƙarfi ya hau tankin ruwa", wato Dharmendra. Mai rubutu yaro ne, ya buɗe musu layi uku. Sai da aka kusa gamawa Kawu ya leƙa littafin, ya buga cinya ya ce, "Kai yaro, ai duk abu ɗaya ne! Ka raba mini fim uku kamar gado?" Dole aka sake lissafi daga farko. Saboda haka kafin a fara ba da maki, a karanta duk takardun sau ɗaya a daidaita sunaye, kuma a zaunar da wanda ya san tsofaffin finafinai kusa da mai rubutu.

Gani ya kori ji

Idan biyu sun yi kunnen doki, wanda ya fi yawan masu ambato ya wuce. Idan nan ma sun yi daidai, sai a kalle su tare a sake ɗaga hannu. A gaskiya ko babu kunnen doki, ina ba da shawarar a sake kallon ukun farko kafin a rufe littafi, don ƙwaƙwalwa tana yi wa tsohon fim kwalliya.

Ni kaina abin ya faɗa mini. Akwai wani fim na Chana da na sa a na biyu, na shekara ashirin ina ba da labarin faɗan ƙarshensa. Muka samo shi, aka kunna janareta a ƙofar gidan wani abokinmu, aka sayo ƙuli da masa, aka fito da talabijin waje. Minti arba'in ba a yi komai ba sai surutu. Da aka zo faɗan da nake ta kurantawa, sai ga igiyar da ke ɗaga jarumin ana ganinta ƙuru-ƙuru. Yara suka fashe da dariya. Abokina ya juyo ya ce, "Malam, wannan ne?" Na ce masa a wancan lokacin talabijin ɗin ƙarama ce.

A shirya wa zaman da kyau: Sholay kaɗai ya haura awa uku, don haka a fara bayan Isha'i, a tanadi man janareta. Na Hausa da dama suna tashoshin masu su a YouTube, can ya kamata a fara dubawa don mai abu ya amfana. Na zamanin kaset kuwa wasu sai an bi tsofaffin masu shagon haya, wani lokacin a tarar kaset ɗin ya ci ƙura ya lalace. Wanda ba a samu ba a bar shi da makin da ya ci.

Sanarwa

A fara karantawa daga na goma a hauro, don in aka faɗi na ɗaya tun farko ba wanda zai saurari sauran. Kowane fim a ba wa masoyinsa ɗaya minti biyu ya faɗi dalilinsa, mai suka kuma ya jira a gama. A rubuta kwanan wata da adadin waɗanda suka yi zaɓe a saman shafin, a ajiye takardun duka, a sa lokacin da za a sake, ko bayan shekara biyu ko uku.

Namu littafin yana wurin mai shayi, cikin gwangwanin madarar da yake ajiye canji. A zaɓen da aka yi a ɓoye Sholay na huɗu ya zo. Kawu ya karɓi littafin ya duba lissafin sau biyu da tabarau, bai sami kuskure ba, ya miƙa shi. Tun daga ranar yake bin mu ɗaya-ɗaya yana tambayar wanda bai sa shi a takardarsa ba, har yau ba wanda ya amsa.