Darasi na 9: Sauya Kik a Tsohuwar Mota

Ka murɗa makulli, ka ji "ƙas" sau ɗaya, inji bai juya ba. Kada ka yi saurin ɗora wa kik, wato na'urar da ke juya inji ya tashi, laifi. Duba kawunan batir tukuna, domin farin garin nan da ke taruwa a kansu yakan hana wuta wucewa. Kunna fitilun gaba ka sake murɗawa. In sun dushe sosai, yawanci batir ne ya yi sanyi. In suna nan da haskensu, sai a koma kan kik da wayoyinsa.

Kafin ka taɓa komai, ja burkin hannu, ka sa wa tayoyi waigi, sannan ka kwance wayar batir da ke haɗe da jikin mota. Wannan shi ne abin da ba na so ka manta. Babbar wayar da ke zuwa kik tana ɗauke da wuta ko da makulli na aljihunka. Sufana ta haɗa ta da ƙarfen mota, nan take za ta yi tartsatsi, ta ƙona maka hannu. A yawancin motoci wayar jiki ita ce mai alamar ragewa (−), amma motocin Ingila da yawa na kafin tsakiyar shekarun 1960 mai alamar tarawa (+) ce. Bi wayar da idonka ka ga inda ta ƙare.

In sai ka shiga ƙarƙashin mota, kada ka dogara da jak kaɗai. Sa mata matokara mai ƙarfi.

Kik yana manne a mahaɗar inji da giyabos, noti biyu ko uku ke riƙe da shi. Yi wa kowace waya alama kafin ka cire. Notin da ya yi tsatsa, ɗiga masa mai ka ba shi lokaci, kada ka yi masa ƙarfi ya karye. Tallafe kik ɗin da hannu ɗaya, yana da nauyi.

Yanzu ajiye tsoho da sabo gefe da gefe. Ƙirga haƙoran ɗan giyan bakinsu, ka gwada ramukan noti. Duba ƙarfin wuta kuma: Volkswagen Beetle na kafin 1967 da wuta mai volt 6 suke aiki, ba 12 ba.

Goge mazaunin kik har ƙarfe ya fito fes, don ta nan wuta ke komawa batir. Ɗaure shi, mayar da wayoyi, wayar jikin mota a ƙarshe. Fitar da giya ka tayar. Kada ka riƙe makulli fiye da daƙiƙa 10. In bai kama ba, bari kik ya huce kafin ka sake.